Jan Baki da Jirgin Feshi na Hannu: Abin da Tambuwal da Kebbe Ke Buƙata Kafin a Yi Ciniki

Duk shekarar da jan baki ya sauka a fadamun kudancin jihar Sakkwato, kiran manoma ɗaya ne: a turo jirgi. Daga Tambuwal da Dogon Daji da Sanyinna har zuwa Kebbe da Kuchi, mai shinkafa ya san cewa ihun yara da majajjawa da gwangwanayen da ake ratayawa a igiya ba sa yin komai illa tura garken daga gonarsa zuwa ta maƙwabcinsa. Ya kuma san cewa jirgin feshin da hukuma ke ɗauko haya sai an rubuta takarda, an amince da kuɗi, an ba da kwangila kafin ya tashi, tsuntsu kuwa ba ya jiran ko ɗaya. Daga nan tambaya mai ma'ana ke tasowa: tun da ƙananan jiragen feshi na hannu suna nan jibge a kasuwannin Amurka da Afirka ta Kudu da Ostireliya, me zai hana Sakkwato ta sayo nata ta ajiye a gida? Ra'ayina shi ne sayo jirgin na iya zama daidai, amma shi ne mafi sauƙi kuma mafi ƙanƙantar ɓangaren aikin. Abin da manomin Kebbe ke buƙata shi ne jirgi ya bayyana a kan makwancin tsuntsaye a yammacin da ya dace, kuma mallakar jirgi ita kaɗai ba ta kawo wannan.

Girman ɓarnar ba abin musu ba ne. Jan baki tsuntsu ne da nauyinsa ke kai-komo a wajen giram 20, amma yana cin hatsi kusan giram 10 a rana. Garke mai tsuntsaye miliyan 2, wanda ba baƙon abu ba ne a yankin Sahel, zai cinye tan 20 a yini guda, wato buhu 200 masu kilo ɗari-ɗari, ban da abin da yake kakkaɓewa ƙasa ya lalace. Asalin abincinsa ƙwayar ciyawar daji ce, kuma ya fi son ta. Yana juyowa kan gona ne idan ta ƙare a ƙarshen rani, ko ta tsiro da faɗuwar ruwan farko, ko kuma idan sababbin 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe suka bar sheƙa daidai lokacin da gero da dawa da shinkafa ke madara. Noman rani ya ƙara masa wurin zuwa. Tun da aka gina madatsar Bakolori da ta Goronyo, sannan shirin bashin manoma na Babban Banki da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015 ya cika fadamun Gulbin Zamfara da na Rima da shinkafa, tsuntsun yana samun ɗanyen hatsi da ruwa kusa da juna a watannin da a da yunwa ke rage yawansa. Gwamnatin Tarayya ma ta amsa cewa matsalar babba ce, domin a 2020 ta sanar da ware naira biliyan 13 don yaƙi da jan baki da fara da sauran ƙwari a jihohin Arewa 12.

Sai dai a duba yadda aikin yake a zahiri, domin shi zai faɗa mana irin jirgin da ake buƙata da yawan aikin da zai yi. Ba gona ake fesawa ba. Da rana tsuntsayen suna warwatse, suna tafiyar gomman kilomita neman abinci. Da faɗuwar rana ne suke taruwa a makwanci ɗaya, cikin ƙaya ko kacala ko rake kusa da ruwa, a fili mai 'yan kadada kaɗan. A wannan ɗan taƙi tsakanin magariba da duhu, wanda da ƙyar yake kai rabin awa, jirgin ke bi ta kansu ƙasa-ƙasa ya saki hazon magani. Idan ya zo da wuri, ba su gama taruwa ba; idan ya makara, matuƙi ba ya ganin itatuwa. Idan kuma wanda ya kai rahoto ya yi kwana huɗu da ganin makwancin, ana iya tarar da sun ƙaura. Akwai kuma darasin da masanin tsuntsaye Peter Ward ya fitar daga binciken da ya yi a yankin Tafkin Cadi na Najeriya a shekarun 1960, wanda aikin da aka yi bayansa ya ƙarfafa: kashe miliyoyi ba ya rage yawan jan baki a faɗin yanki, domin abinci da ruwan sama ne ke iyakance shi, kuma yana mayar da gurbin abin da ya rasa cikin damina guda. Feshi yana da amfani ne kawai idan an nufi garken da ke barazana ga gonakin da suka kusa nuna. Ma'anar wannan ita ce, jirgin da aka saya don Tambuwal da Kebbe kaɗai zai yi aikin 'yan makonni a shekara, sauran watannin yana ajiye.

A kasuwar jiragen feshi na hannu akwai aji biyu. Na farko tsofaffin masu injin fistin ne, irin su Piper Pawnee da aka fara ƙerawa a 1959, da Cessna 188 da aka yi daga 1966 zuwa 1983. Na biyu masu injin tabain ne, irin su Air Tractor na jihar Texas da Thrush na jihar Jojiya, waɗanda sabonsu ya haura dala miliyan 1. Na ajin farko ana samunsu a kan ɗan kaso na wannan kuɗi, kuma su ne ke jan hankalin mai neman araha. Wasu za su ce jirgin da ya haura shekara 40 akwatin gawa ne, kuma tsoron yana da tushe a ƙasar nan: bayan faɗuwar jirgin EAS a unguwar Gwammaja ta Kano ranar 4 ga Mayu, 2002, gwamnati ta hana shigo da jiragen fasinja da suka wuce shekara 22. Amma a ƙananan jirage shekarun ƙira ba su ne ma'auni ba. Dubban jirage 'yan shekarun 1970 suna tashi lafiya kowace rana a ƙasashen da ake kula da su. Ma'aunin shi ne littafin tarihin jirgin, wanda ke ɗauke da kowace awar tashi da kowane gyara da sa hannun wanda ya yi shi. Mun saba sayen mota 'yar Kwatano mu ɗora ta a hanya bisa jin ƙarar inji da kallon fenti, amma jirgin da littafinsa ya ɓata ko yake da giɓi ya zubar da babban ɓangaren darajarsa komai kyansa, domin babu hukumar da za ta yarda da abin da ba a rubuta ba. Injin fistin yana da wa'adin garambawul, galibi tsakanin awa 1,500 da 2,000, ko shekara 12 ko da bai cika awoyin ba, kuma kuɗin garambawul ɗin na iya kusantar kuɗin da aka sayi tsohon jirgin. Jirgin feshi yana da ƙarin cuta biyu: magungunan da ya ɗauka tsawon rayuwarsa suna cin ƙarfen jikinsa daga ciki, kuma juyin da yake yi da kaya kusa da ƙasa yana gajiyar da ƙashin fiffikensa, har hukumar jiragen sama ta Amurka ta ƙayyade wa wasu nau'o'in Air Tractor da Thrush awoyin da dole a canza wannan ƙashi. Jirgin da aka karya wa farashi sau da yawa wanda ya kusa ɗaya daga cikin waɗannan wa'adodi ne. Araha ba ta ado.

Batun mai ne, a ganina, ke raba gardama tsakanin ajin biyu. Injin fistin na waɗannan tsofaffin jirage yana shan wani fetur na musamman mai dalma da ake kira Avgas, wanda ake shigowa da shi cikin durom daga waje, mai tsada, mai wuyar samu, kuma mai lalacewa idan ya daɗe a zafi. Injin tabain kuwa yana shan Jet A-1, kananzir ɗin da jiragen fasinja da na alhazai ke sha, wanda harkarsa a kafe take a manyan filayen jiragen ƙasar nan. Ba sai an je nesa neman shaida ba. Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, da aka kafa a 1964, ta daɗe tana horar da ɗalibai da jiragen Tampico masu shan Avgas, kuma wahalar wannan mai na cikin dalilan da suka sa ta koma ga jiragen Diamond masu shan Jet A-1. Idan makarantar Tarayya da ke tashi kusan kullum ta ga ba za ta iya ba, jirgi ɗaya tilo a Sakkwato ba zai fi ta sa'a ba. Don haka duk wanda zai sayo jirgin feshi na hannu don wannan yanki, mai injin tabain ya kamata ya nema, kuma da zarar an yarda da haka, maganar araha ta kau.

Hanyar shigowa ba gajeriya ba ce, amma sananniya ce. Yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta hana jirgi zama da rajistar ƙasa biyu a lokaci guda, saboda haka sai an soke ta can, a ce lambar Amurka mai farawa da N, an karɓi takardar shaidar lafiyar jirgi ta fitarwa, sannan Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA, ta duba shi ta ba shi lamba mai farawa da 5N da takardar lafiya ta nan. Kafin nan akwai izinin shigo da jirgi, da tantancewar hukumomin tsaro, da takardun kwastam da haraji. Sannan wanda zai yi feshi da shi sai ya mallaki izinin ayyukan sama da sashe na 11 na dokokin hukumar ya tsara. Sauƙin haraji da kamfanonin fasinja ke samu bai kamata a ɗauka cewa ya shafi kowane jirgi ba, kuma binciken da kwastam ta yi wa jirage masu zaman kansu a 2021 da 2024 ya nuna cewa takardar da aka tsallake yau tana dawowa da tara. Jirgin kansa ko dai a cire masa fukafukai a sa shi a kwantena zuwa Apapa a sake haɗa shi a hannun injiniya mai lasisi, ko ƙwararren matuƙi ya tuƙo shi zango-zango ta Kanada da Girinlan da Aisilan da Turai, ya ƙetaro Sahara. Ko wace aka bi, lissafin watanni ake yi. Wanda ya fara ciniki ranar da tsuntsu ya sauka, shinkafar baɗi yake yi wa tanadi.

Ranar da jirgin ya sauka a Filin Jirgin Sama na Sultan Abubakar III ne ainihin kashe kuɗi ke farawa, kuma yawancinsa da dala. Kayan gyara da dala, inshora tana komawa kasuwar waje, matuƙin feshi ma sau da yawa baƙo ne, domin makarantunmu matuƙan fasinja suke yayewa, kuma tashi a tsayin bishiya da almuru fanni ne dabam da ke neman horo da ɗaruruwan awoyi kafin kamfanin inshora ya yarda. Kowa ya ga abin da ya sami naira bayan Yunin 2023, daga wajen 460 a dala zuwa sama da 1,500 cikin watanni. Kasafin gyaran da aka rubuta da naira ya zama bai kai sulusin abin da aka nufa ba. Abin da ya fi muni shi ne jirgi yana cin kuɗi ko yana ajiye. Binciken shekara-shekara na kalanda ne, lasisin matuƙi da takardar lafiyarsa na kalanda ne, roba da batir da tiyo suna mutuwa a zafin Sakkwato ko an tashi ko ba a tashi ba, injin da ba ya juyawa kuma tsatsa ke kama shi. Gwamnatocinmu sun iya fitar da kuɗin saye a dunƙule, amma fitar da ƙananan kuɗin kulawa a kan kari kowane wata shi ne inda suke faɗuwa. Jihar Ribas, da duk arzikinta, tana da jirgi ƙirar Legacy 600 da ya shafe kusan shekara 10 a wurin gyara a Jamus kafin a dawo da shi.

Ƙasar kanta tana da nata sharuɗɗan. Tambuwal tana da nisan kusan kilomita 100 daga birnin Sakkwato, Kebbe ta fi haka, kuma filin jirgin Birnin Kebbi ya fi kusa da wasu sassan yankin fiye da na babban birnin jiharsu. Jirgin da ya yi feshi da magariba cikin duhu zai koma, don haka yana buƙatar fili mai fitilu ko wani ɗan filin sauka na kusa da hukuma ta amince da shi. Zafin Afrilu da ke haura digiri 40 yana rage wa inji da fiffike ƙarfi, hazon hunturu yana rufe gani. Sai kuma tsaro, wanda ba za a tsallake ba. Kebbe tana iyaka da Zamfara, jihar da Gwamnatin Tarayya ta hana shawagi a samaniyarta a Maris ɗin 2021, inda kuma 'yan bindiga suka harbo jirgin yaƙi ƙirar Alpha Jet a Yulin wannan shekarar. Jirgin feshi yana tafiya a hankali, ƙasa-ƙasa, a kan irin dazuzzukan da tsuntsu da ɓarawo duka ke fakewa. Kowane tashi sai da sanin sojan sama, kuma malamin gonar da zai shiga daji ya gano makwanci shi ma rayuwarsa abin lissafi ce.

Mai goyon bayan saye zai ce duk wannan ya ji, amma haya ce ta kai mu inda muke: jirgi ɗaya ko biyu ake rabawa jihohi da yawa a mako guda, wanda ya fi kusa da gwamnati ya riga samu. Wannan hujja mai ƙarfi ce, kuma ban ga dalilin raina ta ba. Amma idan aka bi jinkirin zuwa tushensa, galibi a ofis yake, wajen amincewa da sakin kuɗi, kuma jirgin jiha ma sai an saki kuɗin mai da magani da alawus kafin ya tashi. Maganin shi ne kwangilar da aka ƙulla tun kafin damina, wadda ta tanadi jirgi da matuƙi da injiniya a Sakkwato ko Birnin Kebbi a watannin haɗari, da adadin awoyin da aka riga aka biya, da tara idan an kira ba a tashi cikin kwana ɗaya ko biyu ba. Idan kuma an nace sai an mallaka, to a mallaka da girman da zai ba jirgin aikin yi. Garken da ya kwana a Gummi zai iya karyawa a Kebbe ya sha ruwa a Jega; jihohin uku, Zamfara da Sakkwato da Kebbi, matsala ɗaya suke da ita. Jirgi ɗaya ko biyu na Sakkwato da Kebbi da Zamfara, ko a ƙarƙashin Hukumar Raya Arewa maso Yamma da aka kafa a 2024, a miƙa wa kamfani mai lasisi ya gudanar, kamar yadda Kuros Riba ta sayi jirage ta ba Aero Contractors, zai sami awoyin da za su biya kulawarsa, musamman idan yana feshin fara da tsutsa da zuba taki a manyan gonaki. Gabashin Afirka tana da irin wannan tun 1962, ƙungiyar DLCO-EA mai hedikwata a Addis Ababa, wadda jiragenta ke yaƙar fara da jan baki a ƙasashe da dama. Yammacin Afirka ma ta yi tata, OCLALAV, da Nijar ke ciki, amma ta raunana da ƙasashe suka yi ta jinkirin biyan gudummawa. Wannan gargaɗi ne cewa haɗin gwiwar ma sai an ɗaure kuɗinsa da doka, a riƙa cire shi kai tsaye.

Akwai masu cewa zamanin jirgi mai matuƙi ya wuce, a sayi marasa matuƙi. Suna da rabin gaskiya. Irin DJI Agras T40 yana ɗaukar lita 40, ana kai shi bakin makwanci a bayan mota, ba ya neman fili, ba ya jefa ran matuƙi cikin haɗari, kuma Kenya da Zimbabuwe sun gwada irinsu a kan jan baki. Ga ƙaramin makwanci a gefen fadamar Romo, wannan ya fi dacewa da aljihun ƙaramar hukuma ko ƙungiyar manoman shinkafa, kuma matasan garin za su iya koyon sarrafa shi da gyara shi. Amma batir ɗinsa na 'yan mintoci ne, dole masu aikin su je kusa da dajin da kansu, kuma shi ma sai da izinin NCAA da na ofishin Mai Ba da Shawara kan Tsaro. Babban mazaunin ƙyanƙyasa mai gomman kadada a wurin da mota ba ta shiga har yanzu aikin babban jirgi ne. Abin da marasa matuƙan suka yi shi ne sun ƙara rage awoyin da babban jirgin zai samu, wanda ya ƙara raunana hujjar jiha ɗaya ta saye shi ita kaɗai.

Ƙorafin da ya fi damuna shi ne na gubar. Maganin da aka saba amfani da shi, fenthion, ba ya bambanta jan baki da shaho ko mujiya ko balbela, yana cutar da kifi da ƙudan zuma, kuma ƙasar Cadi ce da kanta ta kai ƙararsa gaban Yarjejeniyar Rotterdam saboda illar da ya yi wa mai aikin feshi. A ƙasar Hausa jan baki abinci ne. Ana kama shi da raga a soya a sayar, kamar yadda ake yi a fadamun Hadeja da gaɓar Tafkin Cadi. Idan aka yi feshi ba a killace wurin ba, ba a tattara gawarwakin an binne ba, washegari za a iya ganinsu a faranti a kasuwa. Jirgin da ke ajiye a gida, wanda aka kashe wa kuɗi ake son a ga yana aiki, yana iya jawo a riƙa feshi fiye da ƙima, a kusa da tafki da mashayar dabbobi. Masu ragar nan kuwa, idan aka tsara su, suna rage garke su kuma sami kuɗi ba tare da guba ba, kuma haɗa lokacin shuka a fadama ɗaya yana rage kwanakin da hatsi ke tsaye a buɗe.

Saboda haka idan akwai kuɗi a hannun Sakkwato don wannan aiki, naira ta farko ta tafi ga malaman gona da mafarauta da masunta na Tambuwal da Kebbe da suka san dajin, a ba su babura da waya mai nuna wuri da alawus, su riƙa kai rahoton makwanci a ranar da suka gan shi. Ta biyu ta tafi ga marasa matuƙi da horar da masu sarrafa su da rumbun magani mai tsaro, ta uku ga kwangilar awoyin tashi da aka biya tun watan Mayu. Bayan damina biyu ko uku za a sami rubutaccen lissafin makwantai nawa aka gano, nawa suka fi ƙarfin ƙananan na'urori, awa nawa babban jirgi ya yi. Da wannan lissafi ne jihohin uku za su zauna su ga ko awoyin sun isa a sayi jirgi, sannan a tura injiniyan da mai saye ya zaɓa, ba na dillali ba, ya buɗe littafin jirgin ya leƙa cikin fiffikensa kafin a biya ko dala ɗaya.